Telan da Allura ta Kayar

Zuwa ga sanyin idona, inuwata da rana tsaka, mai muryar da ta fi mini ƙamshin ruwan farko daɗi,

Gaisuwa daga mijinki, wanda kika bari da yara da tukunya kika tafi gidan Yayarki wai hutawa. Gidan nan ba ke kamar shago ne ba keke. Auta ta ce kitson da na yi mata ko kaza ba za ta fita da shi ba.

Bari in kare kaina, gimbiyata. Ranar da muka je a ɗebi ɗan nama daga ƙullutun nan na nononki don a gwada, da taƙama na shiga ɗakin. Tela ne fa ni, wace allura ce ban sani ba? Likita ta ɗora miki na'urar hoto, ta yi miki allurar kashe zafi, duk ina tsaye ƙyam. Sai ta ɗauko ta ɗiban naman. Rabin raina, wannan ai basilla ce! Ta ce za a ji ƙara, kada a tsorata. Ke kika ji gargaɗin. Ni ina jin ƙas sai farkawa na yi a ƙasa, nas tana mini fifita da katinki, ke kuma kina kwance, hannu a bayan kai, kina dariya har likita na roƙonki ki daina motsi. Abin da aka cira bai fi ƙwayar shinkafa ba, filasta ɗaya ta rufe wurin. Ni kuwa har yau ƙulun ƙeyata bai sace ba.

Shi ne kika yanke hukunci cewa ranar Alhamis da Yaya za ki je karɓar sakamako, wai ba za ki yi jinyar mutum biyu ba. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Jiya Yaya ta biyo shago karɓar rigar da na ɗinka miki mai maɓallai a gaba, don kada ki riƙa ɗaga hannu. Kin san bakin Yaya ba ya ajiya. Ta ce kin faɗa mata bayan an fitar da ni kin tambayi likita, in sankara ce har aka cire nonon, maza suna zama kuwa? Ashe ba sumana kike gudu ba. Fuskata ce ba kya so ki gani lokacin da za a faɗa.

Wannan ta yi mini ciwo, hasken raina. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Likita ta ce yawancin irin wannan ƙullutu ba komai ba ne, kuma wannan maganar nake juyawa tare da keke tun safe har yamma. Amma tsoron rasa ki nake yi, ke ɗungurungum, da faɗanki da waƙar da kike yi in kina shanya.

Kin taɓa mamakin yadda shuɗiyar rigar nan ta farkon aurenmu take shigarki har yau, kina yi wa ƙawayenki kuri? Ni ne. Duk haihuwa sai in ɗauke ta a ɓoye in buɗa ɗinkin, in goge, in mayar cikin akwati. Jikinki ya sha canjawa a gaban idona, kuma ban taɓa kewar na baya ba. Kowanne ya zo, shi ne matata.

Don Allah ki bar ni in zo ranar Alhamis. Ki kalli fuskata da kyau lokacin da likita za ta buɗe baki. Ba ni da abin da zan ɓoye miki a cikinta.

Naki tun jiya, naki bayan Alhamis, ko me aka ce,
Mijinki tela