Ramin da Ka Bari a Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Kabiru, autan gidanmu, mazaunin Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ina sanar da kai na ga saƙon da ka turo, cewa za ka aiko direba ya ɗauki motar Baba. Na zaɓi in amsa maka a nan shafin ne, inda ka saka bidiyon motar bara, don mutanen da suka yi ta zuba maka yabo a ƙarƙashinsa su ji ƙarshen labarin. Ai su ma suna da haƙƙi.

Ka san motar nan ta girme ka. Koriya, mai hanci kamar na kada, wadda Baba ya saya hannun wani ma'aikacin gidan gurzar auduga a Funtua tun auduga tana auduga. Ka kuma san abin da yake ajiyewa a but ɗinta. Kowa a garin nan ya sani, har dariya ake yi masa: mutum da rumbu a tsakar gida, amma ya zuba irin dawa a mota. Shi kuwa cewa yake, rumbu na ciki ne, mota ta iri ce, don ƙarfe ba ya cin amana. Ba gara, ba ɓera, ba lema. Da an yi girbi zai zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya jera a but, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Ba a sake buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Kuma ba kowace dawa ba ce, kada abokanka su ɗauka irin ta buhu ce. 'Yar Kaka muke ce mata. Kakanmu ya karɓo ta hannun amininsa, wani Bamaguje na wajen Malumfashi. Ciyawar wuta-wuta ba ta kayar da ita, tuwonta ya kwana ya wuni bai saki ba. Maƙwabta duk sun koma masara da irin kamfani, Baba kaɗai ya riƙe ta.

Sai ga ka bayan kaka, ka zo bikin abokinka, ka ce tsofaffin motoci ne yayi yanzu. Ka durƙusa gaban tsohon da idonsa ya riga ya tafi, kana roƙon aron mota da makullin but da wannan muryar taka ta shagwaɓa. Ni da nake tayar da motar duk Juma'a don kada injinta ya kwanta, ban taɓa riƙe makullin but ɗin nan ba. Kai kuwa ko kofin shayinka bai huce ba ya cire shi daga wuya ya miƙa maka. Abin da ya ce kawai shi ne, a kula da iri.

Ka kai ta Funtua wurin mai riwaya, mai haɗa wayoyin mota. Na gani a bidiyonka, kai da kanka ka ɗauka, kana ta surutu. Na ga an sauke dammunan Baba a ƙasa kusa da baƙin mai. Na ga an ɓalle katakon da ke bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, an zana da'ira biyu, an yanke, an zura sifiku masu jan baki, an ɗaure da kusoshi. Na ji kana cewa idan ka kunna su sai an ji a Malumfashi. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne ƙasan but. Can aka huda don a shigo da ƙatuwar waya daga batir, aka bar ramin a buɗe, aka ja kafet aka rufe. Ka mayar da dammunan a kai, ka kulle, ka yi bikinka, ka mayar wa Baba makulli, ka hau hanya.

Ɗan manomi, Kabiru! Wanda aka yaye da kunun dawar nan. A ce a huda ma'ajin iri a gabanka, ko a ranka bai ɗarsu ba ka ce a toshe? Ko tsumma ne ai ka tura.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Washegari da hantsi na riƙo hannun Baba zuwa rumfar mota, kamar yadda muka saba tun da idonsa ya rufe. Ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ni na riga shi sani, don wari ne ya fara dukana. Shi kuwa hannu ya zura, yana murmushi.

Ƙaiƙayi ya damƙo, da kashin ɓera. Ya saki, ya matsa gefe, ya sake damƙa. Ya bi kusurwa-kusurwa yana lalube, har hannunsa ya faɗa kan 'ya'yan ɓera jajaye a cikin sheƙarsu. Bai janye ba. Ya ci gaba har ya taɓa wayarka, ya bi ta da yatsu sannu a hankali, ya ɗaga kafet, ya sa yatsa a ramin. Ya daɗe a haka, a sunkuye, yatsansa a ciki.

Ka san abin da ya ce da ya ɗago? Cewa ya yi, yaro bai sani ba. Yaro! Mai mata da 'ya'ya biyu da furfura a gemu. Sannan ya kama rigata ya ce kada in kuskura in gaya maka, wai ranka zai ɓaci. Wallahi wannan ta fi ɓarnar ɓeran ƙona mini rai. Da ni na yi, da har yau ana ba da labarina a majalisa.

Na hau babur na nufi ƙauyen Maguzawan nan, ko Allah zai sa a dace. Jikokin aminin Kaka suka karɓe ni da fura, suka saurare ni, suka ce rabonsu da wannan dawa tun tsohonsu yana da rai, waken suya suke yi yanzu. Na dawo na zauna da faifai ina sheƙe ƙazantar but ɗin, ni da matata. Abin da muka tsinta bai cika tafin hannu ba, rabinsa ma an gutsure. Na shuka a bayan gida. Gonar Baba kuwa, wadda ba ta taɓa sanin wata dawa ba, masara na zuba mata.

Tun ranar bai sake tambayar gona ba. Mutumin da ko makaho ne sai an kai shi kunyar gona ya shafa ganye, sai ya koma zaman zaure, yana juya makullin a hannu. Ba zan ce kai ka kashe shi ba, rai na Allah ne, kuma shekaru sun ja. Amma na ga ranar da ya fara tafiya, kuma na san ramin da ya bi.

Duk lokacin da ka kira, sai ya gyara murya ya ce maka shuka ta yi kyau.

Ranar da ya cika, ba wutar lantarki, lasifikar masallaci shiru. Sai na sa liman ya yi sanarwar rasuwa na ɗauka a wayata, na jona ta da kayan kiɗanka, na buɗe ƙofofin mota huɗu, na zaga unguwanni da ƙauyukan kusa. Aikin mai riwayarka ya yi kyau, ban rage maka ba. Muryar ta fita tas. Ka ce za a ji, kuma an ji.

Ka zo ranar addu'ar uku, ka yi kuka har sai da aka riƙe ka, mutane suna cewa auta ya fi kowa rashi. Na kalle ka na haɗiye maganata, saboda ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Yau na karya umarninsa, na sani, kuma zan amsa a gabansa. Gara in amsa wannan da in bar ka kana yawo a Abuja da kiɗa a kan kabarin irinsa.

Amma bari in gaya maka abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Katakon nan da ka yanka, gadonka ne. Kana ɗan mitsitsi, idan za mu kasuwar Funtua, nan kake hayewa ka miƙe a ƙarƙashin gilashi, rana tana dukanka, ka yi barci da yatsa a baki. Ni nake juyowa in durƙusa a kujera in tare ka da hannu har mu isa, don kada a taka birki ka faɗo. Hannuna ya yi tsami, ban taɓa saki ba. Har yanzu idan na leƙa ta gilashin nan kai nake gani, ba sifikun ba. Shi ya sa abin ya ƙi wucewa, Auta. Da bare ne ya yi, da tuni na manta.

'Yar Kaka ta tsiro a bayan gida, 'yan karare ne da ba su kai a kira su kunya ba. Na kewaye su da ƙaya. Sun fara ɗaukar ciki. Ko za su kai girbi, Allah ne masani.

Mota taka ce, Baba ya faɗa da bakinsa a gaban liman. Amma kada ka turo mini direba, ba zan ba shi ba. Ka zo da ƙafarka. Na mayar da ƙaiƙayin nan cikin but yadda muka same shi, makullin yana wuyana. Zan riƙo hannunka zuwa rumfa, ka yi bisimilla, ka rufe ido, ka zura hannu, ka laluba har ka kai ga ramin. Daga nan ka tuƙa abarka ka tafi.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi gonar da ɓera ba ya shiga. Allah ya yafe mini saɓa masa da na yi. Kai kuma Allah ya ba ka tsawon rai, ya ba ka ɗan da za ka so kamar yadda aka so ka.

Naka, wanda ya tare ka kada ka faɗo,
Yayanka Lawal.