Jar Rigar Da Ba a Wanke Ba

Anti Furera, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ina cikin takaba a nan garin Largo, a ƙasar waje. Maigidana Zulkifilu ya rasu watan jiya, ya bar ni da 'yarmu Afnan, tana jami'a.

Marigayi mutumin Zariya ne, bai san wani wasan hoki na kan ƙanƙara ba. Afnan ce ta ja shi ciki a 2018, shekarar da ƙungiyar yankinmu, Capitals, ta ci kofi karon farko. Yarinya ce da in ka yi mata Hausa sai ta mayar da Turanci, amma a wasannin ƙarshen nan da ƙungiyar Las Vegas, da gurguwar Hausarta take bayyana masa dokoki, yana dariya yana gyara mata. Ni ina kicin ina mita. Ya sayi jar rigar 'yan wasa, ya bi al'adar magoya baya ta ƙin wanke riga har a gama gasa. Da aka ci, sai ya ce ai kuma ta zama tarihi, ba mai wanke ta. Na yi faɗa har na gaji.

Yanzu yayansa, Yaya Ladan, ya bugo waya cewa a wanke tufafin mamaci duka a bayar sadaka, kamar yadda ake yi a gida. Na haɗa komai, rigar ta ɓace. A ƙarƙashin matashin Afnan na same ta. Da na ɗauka, kallon da ta yi mini ya tsorata ni, tun ranar ko gaisuwa da ƙyar. Ba na son saɓa wa yayan mijina, kuma ina tsoron ko camfi ne. Amma Afnan kaɗai gare ni, Anti.

Mai takaba, Largo

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Malam Zulkifilu, Ya ba ku haƙuri.

Yaya Ladan lada yake nema wa ƙaninsa, ba shi da laifi. Ki kira shi cikin ladabi ki ce an fitar da kayan, saura riga ɗaya da 'yar marigayi ta riƙe. Afnan magajiya ce, tana iya neman rigar a cikin rabonta. Limaminku zai yi muku bayani. Ku yi wata sadakar a madadinta.

Camfi kuwa, ban gan shi ba. Ba sa'a yarinyar take nema ba, ƙamshin babanta ne. Kada ki wanke, ki mayar inda kika ɗauka da hannunki.

Sannan ki fito daga kicin. Ki ce ta kunno wasan ƙarshen nan, ki zauna inda yake zama, ta koya miki dokokin da Hausa. In ta yi kuskure ki gyara mata, yanzu aikinki ne.

Allah Ya sanyaya zukatanku.

Anti Furera