Ni Na Cire Wayar Allurar Zafi

Assalamu alaikum, ina gaida kowa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ni bakanike ne a Daura. Yayana yana da bas da yake jigila da ita zuwa Kano, kuma duk inda ya zauna sai ya yi alfahari da ni, wai babu injin da ya gagari ƙaninsa. Lokacin sanyin bana ya kawo min motar ya ce tana ɗaukar zafi, allurar da ke nuna zafin inji na hawa, amma idan ya kunna hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, iska mai sanyi take hurawa. Duk bakanike ya san ma'anar wannan: ruwa ba ya zagayawa. Na wanke lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, na sake masa murfi, na haɗe tiyon hita da juna, duk a banza, allura ta ci gaba da hawa. Kwana uku ina fama, 'yan gareji sun fara min dariya. Me zai hana in ce abin ya fi ƙarfina, a kai wa wani? Girman kai, ba wani abu ba. Na sa hannu na zare wayar allurar, ta kwanta shiru, da niyyar in sauke injin idan na samu sarari.

Da Yaya ya zo ɗaukar motar ya ce, “Amma har yanzu hitar ba ta ɗumi.” Na yi dariya na ce, “Yaya, wa yake kunna hita a Daura? Kai Bature ne?” Shi ma ya yi dariya, ya sa min albarka.

Bayan mako guda ciwon Baba ya tashi, aka ce a garzaya da shi Kano, Yaya ya ɗauke shi a bas ɗin. Sun wuce Sandamu kaɗan inji ya buga, ba gargaɗin komai, tunda mai gargaɗin ni na kashe ta. Kafin a samu wata motar, Baba ya cika a gefen titi, kansa a cinyar Yaya. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. To amma wayar fa, wa ya cire ta?

Tun ranar Yaya bai sake riƙe sitiyari ba. Ya ɗauka shi ne ya manta bai duba ruwa ba saboda gaggawa. Ya rame, ba ya iya haɗa ido da Inna. Jiya da hantsi ya same ni a gareji, mutumin da ya girme ni da shekara goma, ya durƙusa a cikin baƙin mai ya ce, “Ni na mayar da ku marayu, ka yafe min.”

Wallahi bakina ya buɗe don in faɗa masa gaskiya. Abin da ya fito shi ne, “Na yafe maka, Yaya.” Ya yi min godiya.

Idan na faɗa, na rasa shi. Idan na yi shiru, ina kallo baƙin ciki zai cinye shi. Jama'a, me zan yi?