Ɗan Dakon da Kika Sa a Wasa

Ƙanwata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya Inna da mutanen gida? Ni nan unguwar Deira a Dubai alhamdulillahi, ana lallaɓawa.

Wani ɗan kasuwa ɗan unguwarmu ya nuna min bidiyon wasan kwaikwayon da ƙungiyarku ta yi a makaranta, ya ce ke kika tsara. Na ga yaron da ya fito a Ɗan Dubai, yana dakon buhuna a kasuwar Al Ras, yana laɓewa bayan kwali yana ce wa uwarsa a waya, "Ina ofis." Har sosa ƙeyata ya kwaikwaya.

Fiddausi, ke kaɗai na gaya wa wannan, kika rantse ba mai ji.

A bidiyon kowa yana ta dariya, ni kuwa layin gaba na 'yan kallo nake dubawa. Inna tana zaune ta yi tagumi, ita kaɗai ba ta dara ba.

Ban daina yi miki addu'a ba, Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Amma jiya da na kira Inna, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Badaru, bayan naka yana ciwo, ko?" Sai na ce mata e.

Yayanki,
Badaru