Ƙwayoyin Da Ke Cikin Hular Baba

Tanut, ranar Laraba.

Zuwa ga yayana Abdulmajid, a Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuhaira da yara, ya kuma sassauta maka wahalar aikin lakkol, wato makarantar boko. Mu nan alhamdu lillahi. Inna Tabawa tana nan da ƙarfinta, maigidana Ismail yana gaishe ka, ruwa kuma ya sauka sau biyu wajen Ollelewa har an yi shuka. Za ka yi mamakin ganin na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo maka, alhali ga waya. Dalili shi ne in na buɗe baki kuka zai riga ni, kuma Baba yanzu kunnensa ya yi kaifi, ko raɗa aka yi a madafa sai ya ji. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Bari in faro maka daga tushe, don abin da muke gaya maka a waya guntu-guntu ne. Ka tuna bayan girbin bara Baba ya fara kukan kafaɗu da kwatangwalo. Da safe sai ya wayi gari a sandare, ba ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara, riga ma sai Inna ta zura masa, tashi daga tabarma kuwa sai mutum biyu. Aka yi ƙaho, aka yi shafe-shafe, ba abin da ya motsa. Da muka kai shi Damagaram, likita ya ɗebi jini, ya ce wani ciwo ne mai kama tsofaffi, ya rubuta sunansa da Faransanci, suna ya fi igiyar rijiyar Damargu tsawo. Ya sa masa kortizon, ƙananan ƙwayoyi farare uku kowace safiya bayan ya karya. Ya ja mini kunne cewa maganin na shekara ne ko fiye, shi kaɗai zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, kuma ko da wasa kada a tsayar da shi rana ɗaya. Wallahi Yaya, kwana uku aka yi Baba ya ɗaura rawaninsa da kansa ya taka har kasuwar dabbobi. Inna har guɗa ta yi.

Matsalar ita ce likita bai san wane ne babanmu Malam Ila ba. Shekara arba'in Baba yana dillancin raguna, kuma duk Tanut an san ba ya shiga cinikin ragon da aka ɗura wa ƙwayar ƙiba. Yatsa kawai yake dannawa a gadon baya ya ce a janye shi, wannan ruwa ne ba nama ba. To bayan wata uku sai fuskarsa ta cika ta zama kewaye, wuyansa ya yi tudu ta baya. Ni likita ya riga ya gaya mini haka za a yi, zai kuma saɓe in an rage maganin. Amma ana sauran kwanaki layya, abokinsa Hashimu na Belbeji ya zo ta bayansa a tsakiyar kasuwa, ya danna masa yatsa a wuya, ya tambayi jama'a wa zai taya. Aka yi ta shewa. Baba ma ya yi dariya, amma da ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

A makon nan ne na tura maka hotonsa, kai kuma ka aiko da saƙon murya. Na san da kyakkyawar zuciya ka yi, ban taɓa shakka ba. Ka ce wannan kumburi ne ba lafiya ba, ka ce irin ƙwayar da ake ba dabbobi ce, guba ce mai cinye ƙashi, ka ce tun da ya warke a bar ta haka nan. Ni da hannuna na kunna masa, ban san abin da ke ciki ba. Ya sa na maimaita masa sau uku. Na ce masa likita ya hana, ya gyaɗa kai kawai, ni kuma shashasha na ɗauka magana ta wuce, tun da kullum da safe yana miƙo hannu ya karɓa.

Sati biyu bayan salla sai amai da jiri da kasala. Muka ce zazzaɓi ne, aka ba shi maganin zazzaɓi. Sai ciwon kai a gefen goshi, in ya tauna goro muƙamuƙinsa ya gaji ya tofar. Har ta kai fatar kansa ba ta son a taɓa, ya ajiye rawani, ya ajiye hula, Baba da ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba tun ina yarinya. Da Inna ta ɗauki hular za ta wanke, sai ga ƙullin leda a cikin ninkin. Na zazzage a faranti, ga ƙwayoyin kwana ashirin da ɗaya ba ko ɗaya da ta ɓata. Na yi faɗa, Allah ya yafe mini, na ɗaga wa mahaifina murya. Washegari ranar Juma'a, yana shan kunu da hantsi, sai ya ce wa ya sauke asabari ta hannun damansa. Yaya, a tsakar gida yake zaune, ba asabari ko ɗaya.

Ismail ya samo mota muka kama hanyar Damagaram. Likitan ya rufe masa idon hagu, ya ɗaga yatsu a gabansa, Baba ya ce bai ga komai ba. Ya bayyana mana cewa ciwon nan yana da ɗan'uwa mai kumbura jijiyoyin jini na kai har ya toshe wa ido hanya, kuma ƙwayoyin da ake sha ne ke danne shi. Ya ce idon dama ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu kuma yana iya bin sa cikin kwanaki in aka sake wasa. Aka yi masa ƙarin ruwa kwana uku, aka sallame mu. Mutumin da ya guji ƙwaya uku, yanzu goma sha biyu aka ɗora masa kowace safiya, kuma fuskar ta ƙara cika.

Yau kwananmu tara da dawowa. Jiya ina shara na tarar da farare huɗu a gindin randa, sun jiƙe da yawu. Yana haɗiye wasu, yana ɓoye wasu a kumatu. Na durƙusa gabansa na roƙe shi, ya ce Abdulmajid ya yi karatu, ba zai ce guba ba in ba guba ba ce. Na ce to bari in kira ka ka ji abin da ya faru. Nan ya kama hannuna ya matse. Ya hana ni gaya maka zancen idon, wai za ka ɗora wa kanka laifi ka kasa cin abinci a garin mutane. Ya ce ido biyu Allah ya ba shi, amma ɗa namiji ɗaya gare shi.

Ka ga na saɓa masa, kuma ban yi nadama ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina jin haushinka, Yaya, ba zan ɓoye ba, amma ba lokacin haushi ba ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar likita ba ta shiga kunnensa, tawa ma haka, taka kaɗai yake ji. Ka kira gobe da ƙarfe bakwai, lokacin da yake karyawa. Kada ka yi kuka, kada ka nemi gafara, kada ka nuna ka san zancen idon. Ka ce masa kawai ka bincika ka gano kuskure ka yi, ya shanye duka goma sha biyun, kuma kada ka kashe wayar sai na ce maka ya buɗe baki na duba.

Ka gaishe mini da Zuhaira, da Balki, da ƙaramin Ilyasu takwaran Baba. Inna tana sa muku albarka. In an ba ku hutu ka kawo yaron, Baba bai taɓa ganinsa ba sai a hoto, kuma ido ɗaya ya rage.

Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare mana na hagun.

Ƙanwarka,
Radiya Ila