Yadda Shanun Rugarmu Suka Kusa Yin Rajista

Malam Inna, Gombe.

Zuwa ga ƙanena Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka da iyali cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ƙara wa Khairiyya sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware daga zazzaɓin, har ta koma yi mana faɗa, wanda a wurina ya fi takardar likita tabbatar da lafiyarta.

Ka tambayi labarin rijiyar burtsatsen rugarmu. Ƙungiyar da za ta haƙa ta sa sharaɗi: sai magidanta ɗari biyu sun yi rajista a shafinta na intanet, kowa da hotonsa, kafin yammacin Alhamis, in ba haka ba rijiyar ta koma wani gari, matanmu su ci gaba da tafiyar awa biyu neman ruwa. Da yake ni ne mai boko da tabarau, ni aka ɗora wa aikin. Kawu Joda ya zaga da waya, ya kawo min hotuna ɗari biyu da sha huɗu. Shafin kuwa ba ya karɓar hoton da nauyinsa ya wuce kilobait hamsin, namu kowanne ya ninka haka sau sittin. Na zauna ina rage su ɗaya bayan ɗaya. Daga hantsi zuwa la'asar na yi goma sha tara, wuyana ya sage.

Sai na ɗauki kwamfutar na nufi unguwar Bolari, shagon Millicent, malamar kwamfuta ta makarantarmu. Ta ce da wannan saurin nawa sai jikokina su ƙarasa. Ta rubuta wa na'urar umarni na 'yan layuka: ta ɗauki kowane hoto, ta yanko tsakiyarsa daidai girman fasfo, ta matse nauyinsa, ta ajiye a wani wuri daban ba tare da taɓa na asali ba. Kafin in shanye ruwan da aka kawo min, an gama. Ta ce in tsaya mu duba, na ce mata injin da ya yi wannan ba ya bukatar sa ido. Na ɗora su a ranar Talata, na dawo gida ina yi wa matata Fatiha lacca kan ci gaban zamani.

Da safiyar Laraba saƙo ya shigo, an ƙi ɗari da sittin. Na buɗe na farko, sai ga sunan Kawu Joda, a samansa farin bijimi da ƙahonsa yana kallona. Ka san mutanenmu. In aka ce a ɗauki mutum hoto, sai ya jawo bijimin da ya fi so ya tsayar a tsakiya, shi ya raɓe a gefe. Na'ura an ce mata tsakiya, ta ba da tsakiya. Wasu ma kafaɗa da sanda kawai suka samu shiga. Ga shi kwana ɗaya ya rage, kuma sake zaga ruga da waya ba zai yiwu ba.

Na koma Bolari a keke, ban yi lacca a hanya ba. Millicent ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta sauya umarnin, ya zama na'urar ta fara neman fuskar mutum kafin ta yanka. Da yake na asali suna nan, minti biyar ya isa. Mutum goma sha ɗaya ta kasa gano su, wasu malfa ta rufe, wasu kunya ta sa sun kau da kai, waɗannan da hannu muka yi. Wannan karon kowane hoto sai da na kalle shi ido da ido. Bayan azahar ɗin Alhamis aka karɓi ɗari biyu da tara. Masu awo za su je ruga mako mai zuwa su sa alama.

Da na nuna wa Kawu hoton bijiminsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce a buga masa shi a takarda, kuma a ganinsa na'urar ta fi ni hankali, tun da ita ta gane wanda zai fi shan ruwan.

Ka gaida Khairiyya da Yusra da Mairamu ƙarama. Inna da Fatiha suna gaishe ku, Inna ta ce ka rage aiko hoto, ka zo da ƙafarka.

Yayanka,
Abdulgafar