Na'urar Kunnen Inna

Ikko, 1965

Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara da mutanen Dayi? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Na zagaya neman na'urar da Inna za ta sa a kunne ta riƙa ji. A kantin Turawa fam arba'in ce, albashina na wata huɗu. Wani Kwara, ɗan Labanon, yana da tsohuwa ta fam goma sha biyar, amma tana ƙara. Ita zan saya, na daina cin abincin rana.

Na ji Yaya Mamuda ya sayar da auduga ya sayo rediyo, a gidan da uwarsa ba ta ji! Ko sisi bai aiko ba. Allah ya shirye shi.

Ki gaishe ta da ƙarfi, ta kunnen hagu.

Ƙanenki,
Labo